Takin Ragunan Ɗan Haya

Samarin da ke shiga dillancin gidajen haya a Daura yanzu sun ɗauka sana'ar ba ta wuce abu uku ba: waya mai ɗaukar hoto, babur, da bakin cewa unguwar ba a ɗauke wuta. Ka ɗauki hoton ɗaki, ka tura, mai nema ya zo, ka karɓi la'ada. Ni na shekara goma sha tara a cikinta bayan na ajiye alli, kuma abin da zan gaya muku shi ne, haɗa mai gida da ɗan haya aikin wuni ɗaya ne. Zaman da za su yi bayan nan shi ne sana'ar. A nan ne za a tashe ka kana tsakar cin tuwo a tambaye ka wa zai yashe masai, wa zai yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, wa zai mayar da indararon da iska ta cire. Wasu amsoshin na sani. Akwai guda ɗaya da har yau ban sani ba, ita nake so in ba ku, ko za ku rage sauri.

A hannun Baba Jatau na koyi aikin. Tsohon dillali ne, bai taɓa zama a benci ba. Kayan aikinsa zoben makullai ne da ya kai munduwa girma, da goro, da sanda. Da sandar yake ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta ci, da ita yake gwada kwata ko ta toshe. Sauran aikin da take yi a bayan gida ba zan faɗa ba, wataƙila wani yana cin abinci. Ni kuma na zo masa da fansho, da jakar takardu, da shekara talatin da biyar na gyara rubutun yara da jan biro.

In mai neman haya ya zo, Baba ba ya tambayar albashinsa. Sai ka ji, "Maiɗakinka tana suya? Kuna da injin markaɗe? Akuya nawa? Baƙi suna kwana?" Ina gefe ina ganin ɓata lokaci ne kawai. Abin da ya fi damuna kuwa, babu takarda ko ɗaya. Gidaje birjik a hannunsa, sharuɗɗansu duk a ƙarƙashin hularsa. Na sha ce masa, "Baba, ran da ka faɗi fa?"

Yakan ce, "Ran nan sai ku sha wuya, Hedimasta."

Bai yi ƙarya ba.

Da Allah ya yi masa rasuwa, masu gidaje goma sha ɗaya suka bar makullansu a hannuna. Aikin farko da na yi shi ne mayar da komai a rubuce. Kwana uku na yi ina tsara yarjejeniya mai sharaɗi goma sha huɗu, na kai shago aka buga mini. Ba zan raina ta ba. A cikinta babban gyara na mai gida ne: rufi, katanga, yashe masai. Ba zai faɗo wa mutane gida ba tare da ya aiko ba, ba zai ƙara haya a tsakiyar shekara ba. Ƙaramin gyara na ɗan haya ne: ƙwan lantarki, kan famfo, sakata. Ba zai fasa bango ba, ba zai sa wani a ɗaki ya riƙa karɓar nasa ba. Goma sha uku daga ciki har yau da su nake aiki. Na tara ne ya ja mini.

Ga abin da ya ce: ɗan haya zai riƙa kwashe shara da kashin dabbobinsa yana fitar da su daga gidan, aƙalla sau ɗaya a wata.

Wannan sharaɗi saboda gida ɗaya na rubuta shi, gidan Alhaji Isiyaku da ke bakin gari. Ɗaki huɗu ne na ƙasa da zaure, sai fili a baya da ya fi ɗakunan girma. Alhaji manomi ne, yana zaune a ƙauyensu a hanyar Zango, ba ya shigowa Daura sai da dalili. Ɗan hayarsa Malam Haladu, mai kiwo ne. Yakan sayo ramammun raguna ya ɗaure, ya yi ta ba su dusa da harawa har gab da Babbar Sallah. Raguna wajen ashirin, bijimai biyu, mata ɗaya, 'ya'ya bakwai. Shekararsa goma a gidan. Hayar da yake biya ta yi arha ƙwarai, na ɗauka Alhaji bai san farashin gari ba ne. Ban tsaya na tambaya ba, alhali da bakina na sha koya wa yara cewa ruwa ba ya tsami banza.

Ran da na fara zagaya bayan gidan na tarar da tulin kashin dabbobi ya kai mini ƙirji, an tara shi a kusurwa an danne da kara. Ni da na yi shekaru ina zana ƙuda a allo ina nuna ƙafafunsa shida da abin da kowace ke ɗaukowa. Na fito ina toshe hanci da hannun riga.

Alhaji na same shi ran kasuwa yana cinikin buhuna. Na fara karanta masa takardar, ina kan sharaɗi na uku ya ɗaga hannu.

"Hedimasta, kai ka yi karatu, ni ina da ciniki. Akwai inda aka ce gidan ya zama naka?"

Na ce babu.

"To nuna mini inda zan dangwala."

Ya dangwala. Haladu kuwa ya saurara tun daga fari har ƙarshe. Da muka zo na tara ya ce, "Malam, wannan ai Alhaji ke aikowa duk bazara a kwashe."

Na ce, "An daina ɗora wa dattijo wahala. Ya ba ka gida da arha, kuma shi zai share maka kashin raguna? Dabbobinka ne, aikinka ne."

"In kai ina?"

"Duk inda ka ga dama. Ni dai kada in gan shi."

"Alhaji ya yarda?"

Na nuna masa yatsan Alhaji a takarda. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa nasa a gefe.

Duk ƙarshen wata ina zuwa dubawa, hannu a baya, kamar ranar duba farce. Haladu bai taɓa faɗuwa ba. Da fari biyan masu baro yake yi su kai juji. Sai masu lambu suka gano, suka riƙa zuwa suna kwasa kyauta. A shekarar takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi sai dai ya kalli buhun ya wuce, don haka ba a daɗe ba masu lambun suka fara rige-rige. Abin da yake biya a kwashe ya koma biyansa ake yi a kwasa. Har ƙwan zabi ya kawo mini na godiya. Na karɓa, na kuma yi masa ɗan jawabi a kan amfanin tsafta.

Ƙarshen bazara, da hantsi, aka kira ni a waya aka ce in zo gidan maza. Na tarar da amalanke uku a ƙofa, da mutane riƙe da shebur suna tsaye cirko-cirko. Alhaji yana tsakiyar filin baya yana jujjuyawa kamar wanda ya ajiye babur ya dawo bai gan shi ba. Haladu yana durƙushe a gefe.

"Hedimasta, ina takina?"

"Wane taki, Alhaji?"

"Na shekara! Tulin da ke nan. Shekara goma ina zuwa ina ɗauka, yau na zo na tarar da wuri fes kamar masallaci."

Haladu ya ce, "Alhaji, Malam ne ya ce ka sa hannu a riƙa fitarwa."

"Na sa hannu in kashe gonata?"

A tsaye a wurin na ji abin da ya kamata in ji tun shekara guda da ta wuce. Gonar Alhaji jigawa ce, yashi zalla, in ba taki gero ba ya wuce gwiwa. Baba Jatau ya san haka, shi ya sa da aka ba shi gidan bai nemo ma'aikaci mai albashi ba, ya nemo mai raguna. Arhar da na gani ba rashin sanin gari ba ce. Rabin hayar a aljihu ake karɓarta, rabi a amalanke. Kuma bana Alhaji bai sayi ko mudu ɗaya na takin zamani ba, ya dogara da tulin nan, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Na ce, "A ina aka rubuta wannan?"

"Wa zai rubuta? Jatau ya faɗa, na ji, shi ma ya ji."

Haladu ya ɗago kai. "Wallahi Alhaji ban ji an ce haya ba ne. Baba Jatau cewa ya yi in ka aiko in bar su su kwasa. Ni duk shekarun nan na ɗauka taimakona kake yi."

"Taimakonka? In ɗauro shanu tun asuba daga ƙauye don in taimake ka? Ɗana ne kai?"

Alhaji ya aika a sayo ƙaton kwaɗon kulle ƙofa. Ya ce kafin la'asar a fitar da kaya, da mata, da yara, da ragunan. Nan ne kaɗai a duk labarin na san abin da nake yi. Na tsaya a bakin zaure na ce, "Alhaji, gidanka ne, amma muddin hayarsa ba ta ƙare ba, zaman nasa ne. In ka kulle shi, ko ka cire ƙofa, ko ka ɗaye rufi, kai za a kira gaban alƙali, ba shi ba."

"A gidana?"

"A gidanka."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Jatau bai taɓa gaya mini akwai abin da ba zan iya yi a gidana ba."

Na ce, "Bai taɓa barin ka kai nan ba ne."

Washegari na tafi wurin wata tsohuwar ɗalibata da ta zama lauya. Ta karanta takardar tawa da biro a hannu, abin da ban so ba. Ta ce maganar fitarwa mai sauƙi ce: mai hayar shekara, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, ana ba shi wata shida a rubuce, in ya cika a ƙara masa kwana bakwai, in bai tashi ba kotu ce ke tashinsa. Kuma mai gida ba sai ya kawo dalili ba, in ya ce yana son gidansa, yana so ne. Na ce takin fa? Ta ce a takarda Haladu ne da gaskiya, tunda abin da aka ce ya yi shi ya yi. Na fara murmushi. Sai ta ce, "Amma Malam, in takin cikin haya yake, to kai ka rage wa Alhaji haya bai sani ba, kuma kai wakilinsa ne. In ni ce lauyarsa, ba Haladu zan nema ba."

Na sauke murmushin na yi mata sallama.

Limamin unguwa ya ce abin da ya fito daga dabba na mai dabba ne, kamar nono, kamar ɗa. Na ji daɗi. Na miƙe zan tafi ya ƙara da cewa amma abin da mutane suka saba a kai tsakaninsu, in ya daɗe, yana zama kamar sharaɗi ko ba a furta ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, to wanne zan ɗauka?" Ya ce duka biyun suna cikin littafi.

Mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa. Alhaji ya zo da hujjar da ya kwana yana sassaƙawa.

"Ranka ya daɗe, Bafulatani in ya sauka a gonarka da rani, shanunsa suka yi wata biyu suna zuba, ran da zai tashi yana tattara kashin ya tafi da shi?"

Mai unguwa ya ce a'a.

"To abin da ya faɗo a ƙasata nawa ne."

Jama'a suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa. Haladu, da ban taɓa jin ya yi gardama ba, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, a wannan zaman wa ke ba wani hatsi? Bafulatani ke biyan mai gona, ko mai gona ke ba Bafulatani dami don ya zauna?"

Mai unguwa ya ce mai gona ke bayarwa.

"To ni shekara goma ina biyan Alhaji, ban ga dami ba."

Jama'a suka sake gyaɗa kai, su ɗin dai. Mai unguwa ya kalli wannan, ya kalli wancan, sannan ya kalle ni ya ce duk wanda ya rubuta takardar nan Allah ya shirye shi. A kan wannan kaɗai aka tashi baki ɗaya.

Alhaji ya ce tunda doka ta ce wata shida, a ba shi wata shida, ko kwana ɗaya kada a ƙara. Ni na rubuta notis ɗin, ni na kai. Haladu ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Malam, takarda ta farko na bi, ta haifo mini ta biyu. Wannan in na bi, me za ta haifa?"

Na tada babur na wuce.

Wannan ce shekarata mafi muni a sana'ar. Labari ya zaga, aka sa mini suna Hedimastan da ya share wa Alhaji gona. Masu gidaje uku suka karɓe makullansu. Damina gaba ɗaya na yi ta a kan babur ina nema wa Haladu inda zai koma. Ɗaki akwai, fili ne babu. Sababbin gidajen gari an malale tsakar gidansu da siminti, wasu har da tayil. Wani mai gida ya ce mini, "Raguna ashirin da bijimai? Malam, gida nake bayarwa haya, ba kasuwar kara ba." Inda aka yarda da dabbobin kuma babu ruwa, ko ya yi wa yaran nisa da makaranta. Mutumin nan kiwon shi ne abincinsa. In ya rasa filin, ba ɗaki kaɗai ya rasa ba.

Ana cikin haka Haladu ya tare ni da wata tambayar. "Malam, yanzu in ci gaba da kwashewa ko in bari? In na kwashe, Alhaji ya ce na ƙara yi masa sata. In na bari, na karya na tara."

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Ina cikin tunanin, shi yana jira bai kwashe ba, wata shida suka cika.

Da kaka Alhaji ya zo karɓar makulli. Geronsa bai yi ba, kowa ya sani, ba wanda ya tambaya. Na zo masa da sabon ɗan haya, wani matashi ma'aikacin banki mai fara'a, wanda ya yarda da haya fiye da ta Haladu nesa ba kusa ba. Haladu ya ɗaure kayansa an jibge a zaure, katifu da tukwane da keken ɗinkin maiɗakinsa. Ya riga ya yi magana da mai sayen bijiman. Iyalin kuma za su matsu a ɗaki biyu a gidan surukansa kafin Allah ya kawo mafita.

Muka zagaya baya don a duba gida kamar yadda aka saba. Tulin wata shida yana kusurwa, ruwan damina ya dafa shi ya yi baƙi. Matashin ya ja da baya ya ce, "Wannan dai za a kwashe kafin in shigo ko? Ina so in zuba siminti a nan gaba ɗaya, in sa rumfar mota."

Alhaji ya ce, "Ɗana, kana kiwo?"

"A'a, Baba. Sai dai mage."

Alhaji ya matsa kusa da tulin. Ya naɗe hannun riga ya cusa hannu cikin tulin har gwiwar hannu, ya damƙo, ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Haladu, harawar wake ka ba su bana?"

"Da ta gyaɗa, Alhaji."

"Na ji a hannu."

Ya ce ni da baƙona mu jira a zaure. Muka zauna a kan katifun Haladu, matashin yana tambayata ko akwai matsala, ni ina ce masa al'ada ce. Abin da suka faɗa a baya ban ji ba. Ba su daɗe ba suka fito, Alhaji yana goge hannu da kara, ya ce, "Kwance kayanka."

Na miƙe. Na ce, "Alhaji, notis ya cika yau. A doka hayarsa ta ƙare. In zai zauna, sai an sake yarjejeniya."

"Mun sake."

"A kan me?"

"A kan abin da muke kai."

"To bari in rubuta ko layi ɗaya ne, cewa takin na mai gida ne, kada a sake."

Haladu ya yi wuf ya ce, "A'a Malam. In ka rubuta nasa ne, shekarar da ciwo ya shiga mini garke ban tara komai ba, sai in zama mai laifi."

"To in rubuta naka ne."

Alhaji ya ce, "Ka rubuta, gobe masu lambu su dawo?"

Na ce, "Don Allah ku taimake ni. Na wane ne?"

Alhaji ya ce, "Nasa ne mana. Ragunansa ne. Ba ni yake yi."

"Kyauta ke nan?"

"Kyauta."

"In wata shekara bai bayar ba fa?"

"Sai ya fita."

"To ai haya ce, Alhaji!"

"Kai, Hedimasta, karatu ya yi maka yawa. Wace doka ce ta ce ka durƙusa ka gai da surukinka?"

Na ce babu.

"To daina mana, ka gani."

Haladu ya riga ya tsuguna yana kwance igiyar tukwane, yana ƙwala wa maiɗakinsa kira ta aika a gaya wa mai sayen bijimai an fasa. Ma'aikacin bankin ya tashi daga kan katifar don a ɗauke ta, ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Baba, ni ban gane ba. Wa ya yi nasara?"

Na ce ya hau babur, akwai wani gida mai siminti a bayan asibiti.